Almakashin da Ya Kwana a Aljihun Nomiki

Nomiki ta sallami mutum daga asibiti bakinsa a ɗaure da zaren ƙarfe, ba ta ba shi almakashin da zai kwance kansa ba. Abin da ya faru ke nan. Ba ta ma san ta yi ba sai da ta kwana ta tashi a wani gari.

Mutumin sunansa Des Rankine, makiyayi ne a wani gandun shanu can kudu da Katherine. Bijimi ne ya ba shi ƙafa a fuska, muƙamuƙinsa ya karye gida uku, aka kawo shi Darwin aka yi masa aiki. Nomiki ce ta riƙe wa babban likita, ita ce kuma ta haɗa haƙoran sama da na ƙasa ta ɗaure, ɗauri huɗu, biyu dama biyu hagu, don ƙashin ya kama daidai. Mako shida zai yi a haka. Ba tauna, ba hamma, sai abin da zai bi ta bututun roba.

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin nan ya san dokar. Mai ɗaurarren baki ba ya fita ƙofa sai da ɗan almakashi rataye a wuyansa da igiya, kuma sai an nuna wa wanda zai tafi da shi inda zai yanka. Dalilin a fili yake. In amai ya taso masa, ba shi da ƙofar fita, huhu zai koma. Minti uku zuwa huɗu, an gama da mutum.

Ranar Alhamis da safe ta biya ta gadonsa. Des mutum ne mai surutu, ɗaurin bai hana shi ba, ta tsakanin haƙora yake tura maganar kamar mai jin haushi.

"Likita, kin yi wa matata gata. Shekara ashirin tana neman wanda zai rufe min baki."

"Da ta zo tun tuni, da na yi mata ragi."

"Surukina Nugget ma murna yake. Ya ce yanzu ne na dace da kamun kifi, tunda ba zan kore su da surutu ba."

"Gida za ka, ka kwanta," in ji ta, idonta na kan agogo. "Ba giya, ba doki, ba komai."

Takardun sallama bakwai ne a gabanta ran nan. Ta yi musu yadda kowa yake yi a wurin: ta tara su a kan tebur, a tsaye, ta bi layi tana sa alama tana sa hannu. A takardar Des akwai layin da ya ce an ba shi almakashi an koya masa. Ta sa alama. Ai yanzu za ta kai masa. Ta ɗauko almakashin a durowa, ta liƙa masa sunansa, ta jefa a aljihun rigar sanyin da take sawa saboda na'urar sanyaya ɗaki ta asibitin mai busa kamar ƙanƙara. Ba ta kai gadonsa ba aka kwala mata kira, wata mata da aka cire wa haƙori jini ya ɓalle mata. Kafin jinin ya tsaya tasi yana ta oda a waje. Ta cusa rigar a akwati ta yi filin jirgi. Nas ta duba takardar Des, ta ga alama, ta ga hannun likita, ta buɗe masa ƙofa.

Ga abin da ya sa take gaggawa. Mai son ya zama likitan tiyatar baki da muƙamuƙi sai ya riƙe takardu biyu. Nomiki ta yi shekara biyar ta zama likitar haƙori, ta koma aji ta yi huɗu ta zama likitar jiki, sannan ta yi uku tana bauta a asibiti ba matsayi, tana ɗinke bakunan 'yan giya kowace Asabar. Duk wannan share fage ne. Gurbin horon gaske bai wuce goma sha biyu ba a ƙasar gaba ɗaya, masu nema sun fi sittin, kuma sau uku kwamiti yake ba mutum dama. Ta je sau biyu ba ta samu ba. Intabiyun ranar Juma'a a Melbourne ita ce dama ta ukun. Shekararta talatin da huɗu, ba ta iya komai a duniya ba sai wannan.

Da safen Juma'a sanyin Melbourne ya kama ta a ƙofar ginin da za a yi intabiyu. Ta ɗora rigar a kan kwat ɗinta, ta tura hannu aljihu.

Ƙarfe ta taɓa.

Ta fito da shi. Ga igiyar a naɗe, ga sunan Des da rubutunta. Ta tsaya tana kallonsa. Mutane na wuce ta da kofunan kofi, ba wanda ya kula. Tara da kwata. Tara da rabi za a rufe ƙofa.

Ta kira ɗakin marasa lafiya. Marites ce ta ɗauka, shugabar nas-nas, 'yar Filifin mai shekara talatin a wurin, wadda likitoci suke tsoro fiye da babban likita.

"Ke ba kina can ana tsire ki ba? Me kike nema a nan?"

"Yaya, Des Rankine. Almakashinsa yana hannuna."

Sai ƙarar takardu.

"Ga shi kin sa alama kin ba shi."

"Na sa. Ban ba shi ba."

"Yesu, Maryamu da Yusufu! Nomiki, ke ce? Ke da kike yi wa yara faɗa a kan wannan?"

"Ki zage ni gobe. Ki nemo shi yanzu."

"Lambar gandun ce kawai a takarda. Tafiyar awa tara ce, rabin hanyar ba kwalta, ga ƙwayoyin da kuka ɗura masa masu tayar da zuciya." Marites ta ja numfashi. "Zan kira gandun, zan kira gidajen man kan hanya su tsayar da motarsu. 'Yan sandan Katherine ma zan gaya musu. Amma ki sani sai na cika takardar rahoto. Ba na ɓoye wa kowa irin wannan, ko 'yar cikina ce."

"Ki cika."

"To shiga ki yi abin da ya kai ki. Tsayuwarki a titi ba za ta yanke masa komai ba."

Ta shiga. A bakin ɗakin jira wata Misis Tranter tana zaune da ambulan-ambulan. Kowa ya zo sai ya kashe waya ya jefa a ciki, ta liƙe ta rubuta lamba. Ta karanta musu doka da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Ɗakuna shida ne, kowanne minti goma, ƙararrawa ce ke shigar da mutum ita ce ke fitar da shi. Tambayoyin da za a yi musu su ne za a yi wa 'yan rana, don haka wanda ya taɓa waya kafin a gama ya cire kansa, kuma an lissafa masa zuwan a cikin ukun nan.

Nomiki ta riƙe wayar ta daɗe. Misis Tranter ta miƙo hannu. Ta saki.

Su goma sha biyu ne a zagayen safe, kowa cikin baƙar kwat kamar masu zuwa jana'iza. Wani dogo ɗan Sydney, Lachlan, wanda suka faɗi tare bara, ya matsa mata kujera.

"A'a, 'yar Darwin! Kin sake dawowa? Na zaci kada ya cinye ki a can ya hutar da mu."

"Ya ɗanɗana ya tofar."

"Kin ga fuskarki kuwa? Kamar wadda ta ga gawarta. Ki saki jiki, su fa tsoffin nan suna jin ƙanshin tsoro kamar karnuka."

Hannunta na cikin aljihu, ta damƙe almakashin har ya yi mata shaida a tafi. Lissafi take. Darwin na bayan Melbourne da rabin awa. In sun tashi da asuba yanzu sun kusa Katherine, akwai asibiti. In sun wuce, daga nan sai jar ƙasa mai kunya-kunya, mota na rawa, rana na dukan gilashi. Ta ga Des ya dafe ciki. Ta ga yana dukan ƙofar mota, matarsa na tambayarsa mene ne, shi kuma ba bakin faɗa. Ta taɓa ganin haka sau ɗaya, a gadon asibiti, da nas biyu da injin zuƙa a kusa, kuma da ƙyar aka sha. Idon mutumin nan ba ta manta shi ba.

Ƙararrawa ta buga.

Ɗaki na farko hoton ƙashi suka nuna mata, kwarmin ido ya fashe. Bakinta ya yi ta zuba da kansa, abin da za a duba, abin da za a jira, lokacin da za a shiga. Likitocin biyu suna ta rubutu. Ɗaki na biyu binciken da ta rubuta suka tambaye ta. Ta amsa. Ɗaya har ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Abin haushin ke nan: ba ta taɓa amsa tambayoyi da kyau kamar ran nan ba. Tsoron da ya cika mata ciki bai bar wa tsoron intabiyu wuri ba.

A ɗaki na uku wani dattijo ne mai farin gashi da wata likita mai gilashi. Dattijon ya duba takardarta, ya so ya kwantar mata da hankali kafin a fara.

"Darwin! Bara ɗana ya ja ni kamun kifi can. Da muka fita bakin teku na yi aman da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni. To, zauna. Yaro ne ɗan shekara tara, ya faɗo daga keke..."

Ba ta ji sauran ba.

Nugget. Kamun kifi. Ba wasa Des yake yi ba. Da tana fita daga gadonsa ya ƙara wata magana a bayanta, ta ji ta da rabin kunne: gobe da hantsi ruwa zai cika. Goben nan yau ce. Ba ya kan hanyar Katherine. Marites tana can tana tsayar da motoci a kan tudu, mutumin yana kan teku.

"Likita? Kina tare da mu?"

"Yallaɓai, wayata nake so."

Matar mai gilashi ta ajiye biro.

Nomiki ta fito da almakashin ta ɗora a kan tebur. A jimla huɗu ta gaya musu komai, ba ta rage ba. Dattijon ya dubi ƙarfen, ya dube ta. Shi ma ya ɗaure bakuna ya fi dubu, ba ya bukatar bayani.

"Ki rubuta saƙo a ba Misis Tranter ta kira asibitinku."

"Asibiti ba su da yadda za su same shi. Ba waya a kan ruwa, sai rediyon jirgi. Babana makanikin jirage ne a bakin ruwa, yana da rediyo, ya san kowa. Ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Kuma in an same su, sai an gaya wa surukin inda zai yanka."

"Saura ɗaki uku da rabi," in ji matar, a hankali. "Minti arba'in. Ki yi tunani."

Ta yi tunanin. Kada wani ya ce ba ta yi ba. Shekara goma sha biyu ta zuba a wannan hanyar. Wataƙila teku a kwance yake. Wataƙila Des yana da cikin ƙarfe. Wataƙila ma sun fasa fita. Minti arba'in ba komai ba ne, in dai ba a cikinsu abin zai faru ba. Ta zauna daƙiƙa goma cur tana neman wataƙilar da za ta ɗauke ta, ba ta samu ba.

Ta miƙe.

"Kin san dokar," in ji dattijon. "Zan yi magana, amma ban yi miki alkawari ba."

Misis Tranter ta sa ta sa hannu kafin ta farke ambulan. A kan matakalar baya ta tsaya, inda ba kowa. Ta fara kiran Marites, ta ce a tura 'yan sandan ruwa. Sannan ta kira mahaifinta.

Sakellaris, wanda 'yan bakin ruwa suke kira Sakis, tsohon Bagirke ne, kunne ɗaya ya mutu da ƙarar inji, magana sai da ihu.

"'Yata! Har kin gama da su? Sun ba ki?"

"Baba, ka saurare ni. Ka san wani Nugget mai jirgin kamun kifi?"

"Nugget mai ƙaton ciki? Wanda ya zuba man gas a injin fetur? Wa bai san wannan jakin ba? Ɗazu ya fita, da wani mai kumburarriyar fuska. Na yi masa magana bai amsa ba, mara tarbiyya."

"Ba zai iya amsawa ba. Yaya ruwan yake?"

"Iska ta taso tun ƙarfe tara. Me ya faru? Muryarki ba ta yi min ba."

"Ka kira shi a rediyo. Yanzu, Baba. Ka ɗora wayar kusa."

Ta ji takunsa a kan katako, ta ji rediyon na shhh. Ya kira sau ɗaya. Ba amsa. Sau biyu. Sau biyar. Rediyon nan mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, in ka saki maɓalli sai ka jira, kuma jiran nan shi ne ya kusa kashe ta. Ta zauna a kan matakala.

A na bakwai murya ta fito, a tsinke.

"Wane ne yake cika min kunne? Sakis, kai ne? Ba ka da aiki?"

"Tambaye shi Des," in ji Nomiki.

Aka tambaya. Shhh.

"Yana nan a kwance kamar buhu. Ya yi kore shar. Makiyayin banza, sa bai kashe shi ba ruwa zai kashe shi!" Har da dariyarsa.

"Baba, ka ce ya kashe inji. Ya kwantar da shi a gefe, kai ƙasa. Ya ɗauko abin da yake yanke ƙugiya da shi. Ya ɗaga masa leɓe, zai ga ɗauri huɗu masu haɗa sama da ƙasa. Su zai yanka. Yanzu, kada ya jira."

Tsohon ya maimaita da ihu, ya ƙara da zagi biyu nasa na kansa.

"Kai, ni ba likita ba ne! In yanke abin da aka yi awa uku ana ɗaurawa? Shi ma ga shi yana girgiza kai, ya ce a'a. Bari mu juya, minti talatin muna... Des? Kai, Des! Sakis, yana yi! Yana fitowa ta hanci!"

"Ya yanka!" Ba ta san ta yi ihu ba sai da bangon ya dawo mata da muryarta. "Na gaba tukuna, kusa da fiƙa! Dama, sannan hagu! Ko ya yanki leɓe ba komai, ya yanka!"

Sakellaris ya faɗa. Ya saki maɓalli.

Shhh.

Ta ƙirga. Abin da aka koya mata ke nan, in abu ya ɓaci ka duba agogo. Daƙiƙa ashirin. Arba'in. Tana jin mahaifinta yana kiran Waliyyi Nikolas ƙasa-ƙasa da yarensu. Minti ɗaya. A saman bene ƙararrawa ta buga, mutum goma sha ɗaya suka canja ɗaki. Minti ɗaya da rabi. Ta cusa yatsunta a baki ta ciza.

"Uku sun fita," in ji rediyon. Dariya ta bar muryar. "Na huɗun ya ƙi. Hannuna santsi."

"Ya sa bakin abin ta ƙarƙashi ya murɗa. Ya karya haƙorin in ta kama."

Shhh.

Sai wani sauti ya biyo, mummuna, kamar ana zuƙe ruwa a rariya. Tari ne. Tari mai tsawo, da kakari, da wani tarin.

"Ya buɗe," in ji Nugget. "Yana numfashi. Ya ɓata min jirgi kaf. Sakis, gaya wa 'yarka... kai, ban san me za ka gaya mata ba."

'Yan sandan ruwa sun iso bayan minti talatin da biyar. Des ya yi kwana tara a asibiti da ciwon huhu, haƙori ɗaya ya tafi, ƙashin ya goce aka sake buɗe shi aka sa masa ƙarfe. Leɓensa na ƙasa bai ƙara jin zafi ko sanyi ba har yau, in yana shan shayi sai matarsa ta nuna masa ya goge haɓa.

Dattijon ya cika maganarsa, ya tsaya mata a gaban kwamiti. Suka ce ta rubuto yadda aka yi, suka nemi takardun asibiti. Fitar da ta yi daga ɗaki ba su riƙe ta da ita ba, wasu ma sun yaba. Abin da suka kasa tsallakewa shi ne takardar sallama: ga alama, ga sa hannunta, a kan abin da ba ta yi ba. Cewa kowa haka yake yi ba hujja ba ce, ita ma ba ta kawo ta ba. Wasiƙar da suka aiko mata layi biyar ce. An lissafa zuwan a matsayin na uku, damarta ta ƙare ke nan.

Lachlan ya samu gurbi a shekarar. Nomiki tana Palmerston yanzu, wani gari a gefen Darwin, a wani ƙaramin asibitin haƙori kusa da kasuwa, tana cike ramukan haƙori tana cire turamen can ƙarshe. In aka kawo mata wanda muƙamuƙinsa ya karye, takarda take rubutawa ta tura shi Darwin, don doka ba ta ba ta ikon taɓa shi ba.